Gasarar da Na Toshe a Kofin Bilanda

Lokacin da wannan abu ya faru shekarata biyu da aure, 'yar Kano da zama ya kawo New York, muna haya a hawa na huɗu na wani tsohon bene a unguwar Highbridge. Ina da son a yabe ni, wannan ba zan ɓoye ba, kuma ina da kwaɗayin kayan kicin. Kicin ɗinmu da ƙyar mutum biyu ke juyawa a ciki, amma sai da na cika kantarsa taf: tukunyar lantarki mai dafa shinkafa, butar lantarki, na'urar da ke soya kaza ba mai, sai kuma 'yar gaban goshina, bilanda irin wadda ake zuba kaya a kofi, a murɗa masa murfi mai wuƙaƙe, a kife shi a kan inji. Gaskiya kayan nan sun hutar da ni. Duk wadda ta taso tana ɗaukar bokiti zuwa injin markaɗe ta san daɗin danna abu ki ga tattasai ya zama ruwa. Takardun da ke zuwa da kayan kuwa ko buɗewa ba na yi, tare da kwali nake zubarwa, ina cewa ba Bature ne zai koya mini girki ba.

Maigidana ɗan zangon Kumasi ne, direban tasi, da idonsa da hannunsa muke ci. Ba shi da fitina a kan abinci, sai dai koko. Nasu kokon ba irin namu ba ne, yana da tsami sosai, ga citta da barkono da kanumfari har sai gumi ya karyo wa mutum. Duk yadda na yi nawa ba ya kaiwa. Shi dai yakan shanye ya yi shiru, amma yayarsa da ke zaune a unguwar Stapleton ba ta da wannan kawaicin. Sau biyu tana kurɓa ta ajiye kofi, ta ce Amarya wannan ai kunun jarirai ne, ta yi dariya. Wasa take yi, na sani, amma ya tsaya mini a rai. Da ta bugo waya ta ce za ta zo mana ranar Asabar, sai na ɗaura niyyar in rufe mata baki.

Ranar Alhamis na wanke geron da na jiƙa, na markaɗa shi kashi uku da kayan yaji. Lokacin sanyi ne, kuma a sanyin garin nan gasara takan kwana biyu ba ta ko motsa ba. Kashi biyu na juye a roba. Na ukun, wanda ya fi kauri da yaji, sai na bar shi a cikin kofin bilandar, na murɗa murfin iya ƙarfina, na ɗora a kan hitar da ke ƙarƙashin taga. Dabarata ita ce ɗumi ya sa shi tsami da wuri, murfin kuma ya tsare shi daga kyankyasai, don benenmu ba a rasa su. Washegari maƙwabciyata, wata dattijuwa 'yar Damagaram, ta shigo neman daddawa, idonta ya sauka a kan kofin. Ta ce 'yata, abu mai tsami numfashi yake yi, ba a toshe shi, a gidansu ko gorar nono ba a cusa mata marfi da ƙarfi. Na yi dariya na ce Inna wannan kofin Amurka ne, ba gora ba. Ta karɓi daddawarta ta ce to, Allah ya kyauta.

Da safiyar Asabar na je ɗaukar kofin. Tun kafin hannuna ya kai na ji wani ɗan sauti siriri yana fita ta gefen murfin, tsiii, kamar tayar keke ta huje. Na ɗaga shi, yana da ɗumi, gasarar ta kumburo ta cika shi har sama, ga kumfa na ta motsi a ciki. Na gwada murɗawa, ya ƙi ko gezau. Maganar Inna ta dawo mini tar, kuma a nan ne laifina yake, don na san akwai matsala. Amma baƙuwa na hanya, ga shi in na yi magana sai an ji cewa an gargaɗe ni na ƙi ji. Sai na kira maigidana, ya riga ya saka rigar sanyi zai fita aiki. Na miƙa masa kofin da fara'a, har ina tsokanarsa wai a nuna mana ƙarfin maza. Ban ce masa komai game da sautin ba. Ina sakin kofin na ja da baya taku biyu, na tsaya a gefen firji.

Ya matse kofin a ƙirjinsa, ya sunkuyo da fuska a kai, ya murɗa. Ƙarar da ta tashi har yau ina jin ta a kunnena. Murfin mai wuƙaƙe ya yi tsalle ya bugi fuskarsa, gasara ta watsu har silin. Ya durƙusa dafe da idonsa na hagu yana salati, jini yana bin yatsunsa haɗe da farin gero. Barkonon ya shiga ɗaya idon ma, don haka ba ya ganin komai, sai lalube yake yana kiran sunana, yana tambaya ko na ji ciwo. Ni ko ɗigo bai taɓa fuskata ba. Ina nan tsaye a gefen firji. Inna ce ta ji ƙarar ta rugo, ita ta kira motar asibiti, ita ta wanke masa idon dama a famfo, ta kuma hana ni taɓa na hagun. Kallo ɗaya kawai ta yi mini.

A asibiti aka shige da shi, aka bar ni a kan kujera da zani duk gasara. Daga baya ya faɗa mini wata ma'aikaciya ta tambaye shi, bayan ta tabbatar ba na kusa, ko wani ne ya buge shi a gida. Ya ce mata a'a, haɗari ne, matarsa ba ta san komai ba. Likitan ido ya fito ya yi mini bayani, rabi na gane rabi ya wuce ni don tsoro. Abin da na riƙe shi ne jini ya taru a cikin idon, sai an yi aiki, kuma ba wanda zai iya cewa ko zai sake gani da shi. Yayarsa ta iso a rikice, ta rungume ni tana kuka tana cewa duk don ita na wahala. Ta tambayi yadda aka yi, na ce haka kawai abin ya fashe. Wannan amsar na riƙa ba duk wanda ya zo dubiya.

Kwanakin da suka biyo baya ban taɓa shiga tsoro irin nasu ba. An sallamo shi da ido a rufe, aka ce kada ya sunkuya, kada ya ɗauki abu mai nauyi, ko salla a zaune yake yi, ba sujada. Kullum da safe ni ke ɗiga masa magani. Ko tari ya yi sai na rugo in duba idon. Ranar da aka cire bandejin, likita ya rufe masa idon dama ya ɗaga yatsu, ina tsaye a bayansu ina ganin yatsu uku ƙuru-ƙuru. Maigidana ya daɗe yana kallo, sannan ya ce yana ganin haske, da wani abu kamar inuwa. An sake wani aikin, amma idon bai wuce nan ba.

Bayan wasu watanni ya koma tuƙi, don na daman lafiyarsa ƙalau. Bai yi sati biyu ba ya dawo da rana tsaka ya ajiye makulli a kan tebur. Wani mai keke ya fito masa ta hagu, bai gan shi ba sai da ya ji ihu, saura ƙiris ya taka shi. Ya ce ba zai ɗauki ran ɗan wani ba. Yanzu a shagon wani ɗan garinsu yake aiki a unguwar Tremont, yana jera kaya. Ranar da ya ajiye makullin nan na kasa riƙe abin da ke cikina. Na durƙusa na faɗa masa komai, gargaɗin Inna, sautin da na ji, da yadda na yi shiru. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce ya sani, don abu na ƙarshe da ya gani da idonsa biyu shi ne lokacin da na ja da baya. Ya ce ya daɗe da yafewa, jira kawai yake in faɗa da bakina. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

'Yan uwana mata, kayan nan suna da amfani, har gobe ina aiki da su, ba laifinsu ba ne. Amma ku karanta takardarsu, in Turancin ya yi yawa ku ba wani ya karanta muku. Da na nemi irin wadda na zubar, a rubuce yake ɓaro-ɓaro cewa kada a bar abin da aka markaɗa a cikin kofi a rufe, kada kuma a zuba abu mai zafi. Gasara, ƙullu, fura, duk abin da ke yin tsami, ku juye shi a buɗaɗɗen mazubi ku rufa da ƙyalle. In kuma zuciyarki ta ji tsoron abu har kika ja da baya, to kada ki miƙa wa wani ba tare da kin faɗa masa ba. Ni kunyar minti ɗaya na guje wa. Yau duk inda za mu zauna da maigidana sai na zagaya ta damansa, don ya iya ganina.