Baba Kambai, Wanzamin Bishiya

Bari in fara da tona wa kaina asiri: ni na laƙaba wa Baba Kambai suna "wanzamin bishiya", kuma a lokacin ba yabo nake nufi ba.

Shekara ashirin da shida ya yi yana gadin kurmin bakin rafinmu, kusa da Godogodo. Da sassafe zai ɗauki adda ya bi gaɓa, idonsa a ruwa. Inda inuwa ta yi duhu, ya hau ya rage reshe biyu. Inda rana ta yi yawa, ya dasa ɓaure. Wai inuwa gishirin rafi ce, ko ta yi yawa ko ta kasa, miya ta ɓaci.

A 1975 citta ta yi daraja, muka ce a sare kurmin a yi gona. Da yake ni ne malamin makaranta, ni na tsara takardar neman amincewar dattawa. Kafin ranar taro ma, wani mai gaggawa ya kayar da maɗaci guda.

Ranar taron, Lahadi bayan sujada, Baba ya dire ƙwarya biyu cike da ruwan rafi da ganyayensa a gaban dattawa.

"Malam, kai ne mai boko. Ƙirga mana."

Ta farko daga gangare ya ɗebo ta, inda aka sare bishiyoyi tuntuni. Kainuwa ce zalla da gansakuka, sai wari. Ta biyu daga kurminsa. Na ƙirga ganye iri tara, bado kaɗai na sani.

Mama Lai'atu, ungozomar garinmu, ta zaro wani siriri. "Wannan nake dafa wa masu jego. Kai ma uwarka ta sha shi, Malam. Ko citta za ka ba matarka?"

Dariya ta tashi har da fasto. Na naɗe takardata a hankali.

Kai ne, Baba, ka kayar da gari guda da ƙwarya biyu. Bana ka ajiye adda, kurmi na tsaye, tarwaɗa na wasa a ƙarƙashin bado. Mun gode, Ubangiji ya ƙara maka kwana. Matasa, ku je ku koyi askin nan tun yana iya nuna muku reshen.

Maɗacin nan guda kuwa, shi ne teburin da nake wannan rubutu a kai.