Kyamarar Pak Bustami Mai Son Haƙora

Shagon askina na manne da shagon hoton Pak Bustami (Pak kamar Malam ne a wurinmu) a bakin kasuwar garinmu Payakumbuh, shekara ashirin da bakwai bango ɗaya ne tsakaninmu. Saboda haka na san dokarsa kamar yadda na san almakashina: ba a murmushi a hotonsa. Amarya ce ko ɗan makaranta ko mai neman fasfo na aikin hajji, da zarar mutum ya zauna zai ce, "Rufe bakin nan. Hoto ka zo ɗauka ko tallan man goge baki?" A ganinsa hoto abu ne da jikoki za su kalla, kuma bai kamata jika ya ga dasashin kakansa ba.

Da fim ya yi aiki tun yana saurayi. Ya ɗauka, ka tafi, ka dawo bayan kwana uku, abin da ya fito shi ne fuskarka, ba gardama. Sai fim ya fara wuya, maganin wanke hoto ma sai an aika birnin Medan. Matarsa Tek Rosma ta sa shi gaba da mita har ya ari kyamarar zamani wurin surukinsa don gwaji. Kwana ɗaya ya yi da ita. Matar wani ɗan kansila ta leƙa gilashin bayan kyamarar, inda hoto ke bayyana nan take, ta ce wuyanta ya fito biyu, a sake. Aka sake. Ta ce yanzu uku ne. Har la'asar suna abu ɗaya.

Ranar Asabar ya ce in raka shi birnin Padang ya sayi tasa kyamarar. A shagon Koh Aseng, wani tsohon Basine mai sayar da sababbi da na hannu, aka jera masa masu araha guda biyar. Ya ɗaga kowace ya auna ta a tafin hannu, ya sansana, ya kara a kunne ya danna.

"Wannan ba nauyi, kamar fakitin taba. Wannan kuma kukanta irin na ƙadangare ne. Ba ka da wadda ba ta da gilashin baya?"

"Pak, gilashin ai shi ake saya," in ji Koh Aseng.

"Shi ne ba na so. Mutum ya ga kansa nan take, sai ya ɗauka yana da ra'ayi."

Koh Aseng ya jawo kwali daga ƙarƙashin tebur. Wata ƴar azurfa ce da wani ya zauna a kanta a mota, gilashin ya mutu baƙi ƙirin, amma tana da ƴar tagar leƙawa kuma tana ɗauka. Pak Bustami ya rungume ta. Muka ci sate, tsiren ƙasarmu, a tasha, yana ta yaba wa kansa cewa ya cuci Basine.

Aikinta na farko babba ne: naɗin sabon datuk, wato shugaban dangi, na dangin Piliang. Dattawa goma sha biyu suka jeru a gaban babban gidan dangi, baƙaƙen kaya, wuƙa a ɗamara, fuska a murtuke yadda yake so. Ni na riƙe masa lema. Ya danna, shiru. Ya sake dannawa, shiru. Rana ta take, gumi na bin wuyan dattawa.

"Bustami, hoto kake ko zane?" in ji Datuk Rajo Endah, mafi tsufansu.

"Haƙuri, Angku. Tana tunani ne."

Ya ja da baya don ya duba ta, bai ga agwagwar ruwan da ke bayansa ba. Ya taka mata ƙafa, ita kuma ta kama shi a inda ba a faɗa a gaban dattawa. Datuk Rajo Endah ya fashe da dariya, haƙori ɗaya tal a bakinsa. Nan take kyamarar da ya kafa a kan sanda mai ƙafa uku ta yi ƙyas, wuta ta haska, ba wanda ya taɓa ta. Dattijon da ke kusa da Datuk ya yi dariyar ganin haka, ta sake ƙyas. Duk wanda ya yi ƙoƙarin gimtsewa sai ya kalli maƙwabcinsa ya fashe, ita kuma tana ta harbi. Pak Bustami na tsaye riƙe da bayan wando yana roƙo, "Angku-angku, don Allah a rufe baki."

Da muka buga wa Koh Aseng waya ya ce ai mai ita na farko ya bar ta a kan tsarin jiran murmushi, ba ta ɗauka sai ta ga haƙora. Cirewa abu ne mai sauƙi, a gilashin baya ake yi.

"To a sa sabon gilashi," na ce.

"Mak Itam, aski ka iya, tsaya a kan aski," Pak Bustami ya ce da ni.

Hotunan suka fito fes. Ya ƙi buga hatiminsa a bayansu, ya ce ba aikinsa ba ne, aikin agwagwa ne. Amma matan dattawan suka kwashe su kaf. Matar Datuk Rajo Endah ta sa aka faɗaɗa nata, ta ce rabon da ta ga wannan haƙorin tun kafin girgizar ƙasa.

Bai canza kyamarar ba, don Tek Rosma ta ce ba za a sayi ta biyu ba. Sai ya zama dole ya koyi ba mutane dariya, abin da bai taɓa yi ba yana da shekara sittin da huɗu. Kullum da safe yakan shigo shagona da ɗan littafi, ya zauna a benci yana rubuta barkwancin masu jiran aski. In ya koma ya karanta wa wanda ya zo a ɗauke shi hoto da muryar sanarwar mutuwa, wani lokaci ma ya fara da ƙarshen labarin. Ta bango nake jinsa. In ya gama shiru yakan biyo baya, sai ya ce, "A nan ake dariya." Yawanci a nan ɗin ake yi.