Ranar da Aka Cire Kan Mutum-Mutumina

In dai ina numfashi, ba zan manta ranar da wani mutum-mutumi da na ƙera da hannuna ya kusa raba ni da makarantar boko ba.

Lokacin Jihar Sakkwato tana sabuwa, kuɗin mai sun shigo, motoci sun cika hanya, matattunsu kuma sun cika garejin makanikai. Ina sakandaren kwana a Tambuwal, amma gidanmu Kebbe ne. Mahaifina malami ne, zaurensa ba ya rabo da masu ɗaukar karatu, kuma da ƙyar da jiɓin goshi ya bar ni na shiga boko.

Malaminmu na kimiyya wani gajeren mutumin Jabo ne, hannunsa kullum da baƙin mai. Tica kawai muke ce masa. Da aka ce za a yi gasar ƙere-ƙere ta makarantu a Sakkwato, sai ya tambaye ni, "Kai, mi ka damun mutanen garinku?" Na ce jan baki, tsuntsayen nan masu cin hatsi. Ai ni na san su, na sha wunin gona ina ihu har murya ta dushe, su kuwa suna ta wasoson geronmu.

Haka muka haɗa abin korar tsuntsaye. Muka samo injin nan mai kaɗa abin goge gilashin mota, da batir, muka yi hannuwa da gora, muka rataya musu gwangwanaye cike da tsakuwa. Tica ba ya ɗaura maka ko waya ɗaya. Sai ya naɗe hannu ya bar ka ka ɓata, sannan ya ce, "To, mi kag gani?" Wallahi a lokacin haushinsa nake ji. Da abin ya fara kaɗa hannu, daɗi ya ɗebe ni, na kifa masa ƙwarya, na zana ido da hanci, na manna gemu da gashin akuya, har da hula.

Ashe wani ɗan kasuwar garinmu ya hango mu ta shinge muna gwaji. Kafin ka ce kwabo, labari ya isa Kebbe cewa ɗan Malam yana sassaƙa gunki mai motsi. Saƙon mahaifina ya zo a taƙaice: in haɗa akwatina, boko ya ƙare.

Na je wa Tica ina hawaye. Sai ya ɗaure mutum-mutumin a bayan babur, ya ce in hau in riƙe shi. Muka kama hanyar nan ta Kebbe mai ramuka, ƙwaryar tana ta bugun haɓata.

Tun daga nesa da zauren mahaifina Tica ya kashe babur, ya tuɓe takalmi, ya yi sallama, ya zauna a ƙasa cikin ɗalibai. Mahaifina ko kallona bai yi ba. Ya nuna abin da carbinsa, ya ce, "Wanga shi na gunkin?"

Na zaci Tica zai fara bayanin kimiyya. Sai na ji ya ce, "Allah shi gafarta Malam, ban zo gardama ba, fatawa nika nema. Yaron ga ya yi abin korar tsuntsaye, mu kuwa ba mu san hukuncinai ba. In kac ce a ƙone, yanzun ga a ƙone."

A raina na ce, kai Tica, ka kashe ni!

Mahaifina ya miƙe ya zagaya abin, ya tambayi me ke motsa shi. Tica ya nuna ni, ya ce wanda ya yi shi ya faɗa. Na haɗa wayar, hannuwan suka fara kaɗawa, gwangwanaye suka ɗauki ƙara, ɗalibai suka watse har wani ya zubar da tawada. Na yi bayanin batir da inji. Ranar ce farkon da na yi magana mahaifina yana sauraro kamar mai ɗaukar karatu.

Can ya ce, "Hannuwan ga na ga aikinsu. Ƙwaryag ga fa, mi taka yi?"

Na sunkuyar da kai na ce ado ne.

"To nan ɓarnar take. Surar mai rai ga kai take. Cire shi."

Na fizge ƙwaryar na yar. Ya ce a kai abin gonarsa ya gani. Gero ya yi ido, jan baki sun sauka baƙi ƙirin. Ina haɗa waya suka tashi gaba ɗaya kamar hayaƙi. Mahaifina ya rufe baki da bakin rawaninsa, amma na ga kafaɗunsa suna rawa. Ya juya wajen Tica ya ce, "Malam, ka koma da ɗalibinka. Allah shi yi albarka."

A Sakkwato na biyu muka zo. Alƙalan gasa suka tambayi ina kansa, na ce fatawa ta cire, suka yi ta dariya. Amma ni ba kyautar ce ta zauna mini a rai ba. A hanyarmu ta dawowa daga Kebbe na tambayi Tica, da mahaifina ya ce a ƙone fa?

Ya ce, "Da an ƙone mana. Gareji cike yake da inji. Kai in anka cire ka, ina nika samo wani?"

Na kifa fuskata a bayansa na yi kuka har Tambuwal, shi kuwa ya yi kamar ramukan hanya kawai yake kallo.

Na yi rayuwata ina koyar da ƙere-ƙere, yau har jikokina ke zuwa gasar na'urori masu tafiya da kansu. Duk daga zaman da mutumin nan ya yi a ƙasan zaurenmu ne. Ya koya mini cewa in za ka kai sabon ilimi gidan mutane, kada ka je ka nuna ka fi su sani, ka girmama abin da suka sani tukuna. Kuma yaron da ke gabanka ya fi abin da yake ƙerawa daraja. Tica ya daɗe da rasuwa, ban kuwa taɓa gode masa yadda ya kamata ba. Allah Ya ji ƙansa, Ya haskaka kabarinsa.