Daren da na ce ba ni ba ne a Kakuri

Edita, ina roƙon a buga wannan ba tare da sunana ba. A lokacin da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, ni saurayi ne mai aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, ina zaune a gidan kawuna a Tudun Wada. Wanda ya koya mini aiki wani Kirista ne ɗan kudancin Kaduna, ya girme ni sosai, Yaya nake ce masa. Shi ya nuna mini yadda ake ƙulla zare idan ya tsinke inji na gudu. Ranar da rikicin addini ya ɓarke a gari muna tsakiyar aikin safe, hanyar gida ta toshe. Yaya ya tuɓe rigarsa ya sa mini, ya ja ni lungu-lungu har gidansa, ya tura ni ɗakin da matarsa ke ajiye masara da citta. Kwana huɗu na yi a ciki. Matar, wadda nake kira Anti, ita ke kawo mini tuwo, da ruwan alwala a kofin roba tunda ba su da buta. Sau biyu samari suka zo suna dukan ƙofa, ina jin Yaya yana rantse musu cewa babu kowa. Da ya raka ni wurin sojoji, kuka na yi na ce masa har in mutu ba zan manta ba.

Daga baya masaƙa ta rufe, na koma Kano na shiga sayar da atamfa. Allah ya buɗa mini, na yi aure, na sauke farali, aka fara ce mini Alhaji. Waya ta zo hannun kowa, amma ban taɓa neman lambar Yaya ba. Kullum cewa nake zan je.

Bayan shekara goma sha wani abu, kai kaya ya kawo ni Kaduna kwana ɗaya. Wanda na kai wa kayan ya ce ai Kakuri, unguwar da na bari a mace, ta farfaɗo, an zuba kwalta, an sa fitilu, gidajen shaƙatawa sun cika layi. Bayan isha'i na ajiye babbar riga da hula a otal, na sa ƙaramar riga da wandon jins, na hau acaɓa. Na gaya wa kaina kallo kawai zan yi. Layin da muke sayen ƙosai in mun tashi aikin dare ban gane shi ba. Fitilu ja da kore, janareto na ruri, kowace rumfa da nata kiɗan, kujerun roba har bakin titi, hayaƙin tsire da ƙamshin farfesu, ga manyan motoci liƙe da hotunan 'yan takara. Can baya kuma katangar masaƙarmu ce tsaye cikin duhu, ciyawa ta fito a kanta. Na shiga nan na leƙa can, ina jin daɗin cewa babu wanda ya san ni. A wuri na uku na zauna. Ban sha giya ba, amma da wata budurwa ta jawo kujera kusa da ni ban kore ta ba, har na sa aka kawo mata kwalba. Da ta ce tana son gasasshen kifi, na ɗaga wa mai kifin hannu.

Matar ta kawo faranti ta ajiye, sai ta tsaya ta ƙura mini ido. Ta kira ni da wani suna da babu mai kirana da shi sai mutanen gida ɗaya a duniya. Anti ce. Ta rame, furfura ta leƙo ta ƙarƙashin ɗankwali, hannuwanta duk tabon garwashi. Ta ce, "Wayyo Allah, kai ne? Yayanka yana nan kwance, shekara biyu ɓarin jikinsa ya shanye. Gidan nan dai da ka sani, bayan coci. Ko jiya sai da ya yi zancenka."

Na dubi kwalbar da ke gabanmu, na dubi budurwar. A teburin da ke kusa akwai wasu mutane masu Hausar Kano, zuciyata ta ce ƙila 'yan kasuwarmu ne, gobe labari ya riga ni isa. Sai na sauya murya, na ce mata da Turanci ba ni ba ne, ta yi kuskure. Ta sauke ido kan babban yatsana, inda inji ya taɓa yanka ni, ciwon da ita ta ɗaure da tsumma. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, "To, ranka ya daɗe, yi haƙuri. Idona ne ya tsufa." Ta koma wurin garwashinta, ba ta sake waiwayowa ba. Na kasa taɓa kifin. Da zan tashi na ba budurwar kuɗi ta kai mata, ta dawo mini da su, ta ce matar ta ce a gaya wa baƙo a gidansu ba a taɓa karɓar kuɗin abinci a hannunsa ba.

Ban runtsa ba. Na yi niyyar da safe in sa babbar rigata in je gidan a mutunce. Gari na wayewa na rasa fuskar da zan dube ta da ita, na kama hanyar Kano. Na ce sati mai zuwa, na ce bayan salla. Sai da wata uku suka wuce na je, da buhun shinkafa da turamen atamfa a bayan mota. Na same ta a ƙofar gida tana gyaran kifi. Ashe Yaya ya rasu, sati uku ke nan da aka kai shi ƙauye aka binne.

Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ba ni kujera, ta ba ni ruwa. Da ƙyar na tambaye ta ko ta gaya masa abin da na yi. Ta ce ta gaya masa ta gan ni, na yi ƙiba, ina gaishe shi, tafiya ce ta gaggawa amma na yi alkawarin dawowa. Ya yi murna ƙwarai, ya sa aka yi masa aski, kuma duk motar da ta tsaya a layin sai ya ce a leƙa ko ni ne. Na fara yi mata godiya, ta katse ni ta ce ba don ni ta yi ba, don shi ta yi.

Mutanen teburin nan har yau ban san ko su wane ne ba, wataƙila ma ba su lura da ni ba. Don su na tozarta matar da ta sa ranta da na 'ya'yanta a haɗari saboda ni. Ina jan kunnen 'yan'uwa matafiya, kada mutum ya je inda zai ji nauyin amsa sunansa. In kuwa ya je aka gane shi, ya amsa, ya sha kunyarsa a wurin. Wanda kuma yake da mutumin da ya taɓa tsaya masa, ya tashi ya je yau, ko hannu wofi. Shinkafar da na kai, 'yan zaman makoki ne suka ci.