Kwamfutar da Ta Ƙi Daina Gaisuwa

Kwamfutar ba tawa ba ce, ta yayan mijina ce, mai aikin takardun shigo da kaya a Maigatari. Mutum ne da ko haƙorinsa ban taɓa gani ba, kuma duk aikinsa yana cikinta. Maigidana ne ya aro mini ita, da ya ga na nace sai na koyi Python, wani yare da ake ba kwamfuta umarni da shi, a 'yar wayata mai fasasshen gilashi. Sharaɗi ɗaya Yaya ya kafa: kafin kasuwar Alhamis zai zo Gumel ya karɓi abarsa lafiya lau.

Darasin farko ya zo da sauƙi har na raina shi. Layi ɗaya na rubuta, ta ce mini sannu. Iyye! Sai na ce ai mu ba ma gaisuwa ɗaya mu wuce kamar masu gaba. Na jera mata ina wuni, ina gajiya, ya gida, ya yara, na sa ta riƙa maimaitawa kamar yadda na gani a bidiyo. Wurin da ake koya yadda za a tsayar da ita kuwa ban kai ba, data ta ƙare.

Na danna. Innalillahi! Gaisuwa ta ɓarke, tana gangarowa ba ji ba gani. Na ce to ya isa, sannunki. Ina! Fankar cikinta ta hau ƙugi, gindinta ya ɗau zafi kamar kaskon masa. Ga maɓallin kashewa ina kallo, amma an sha ja mini kunne cewa kashewar gaggawa tana cinye aikin mutane. Na kira maigida, yana Gagarawa, waya ta ƙi shiga. Da wane ido zan kalli suruki in ce na ƙona masa sana'a?

Abin da nake yi wa waya idan ta yi zafi shi na yi mata. Na shimfiɗa faifai a kan yashin nan mai sanyi na gindin randa, na ɗora ta, na durƙusa ina yi mata fifita. Har masifa na yi mata: "Ke wace irin marar zuciya ce? An amsa miki, haba!"

A haka na ji sallamar Yaya a zaure. Ranar Laraba ce, da la'asar.

Na ja mayafi, na kawo ta da hannu biyu, na durƙusa. Ina gaishe shi, ita ma tana ta zuba tata. Na ce, "Yaya, a yi haƙuri, na yi ɓarna."

Ya duba, ya daɗe yana dubawa. Sai ya danna maɓalli biyu tare. Tsit!

"Ƙanwata," in ji shi, "ai ba ki sallame ta ba ne. Ke kina tashi kafin babba ya sallame ki?"

Ya buɗe takardunsa yana dubawa, ni kuwa ina durƙushe ina jira. Da ya ce duk suna nan, na zube daɓas a gaban suruki, kunya ta tafi hutu, ina alhamdulillahi ina share hawaye da bakin mayafi.