Abin da Aka Faɗa a Zaure

Jiya a motar Mirriya na ji labarina a rediyo. Wani da marigayi Baba, dattijon da masu shaguna ke zuwa neman shawararsa, ya horar, wanda yanzu yake koya wa manyan 'yan kasuwa shugabanci, yana ba da misali da "wani mai man gyaɗa na Kara-Kara da ya fashe da kuka gaban tsoho". Bai kama suna ba, amma direba, wanda ya san ni ne mai man gyaɗan, ya dube ni ta madubi. Ni kuwa sai Baba ya faɗo mini a rai.

Duk mai shagon da ya zo neman shawara, Baba ba ya barinsa ya buɗe baki sai ya sallami kowa, ya saki asabari. Ranar da ma'aikatana suka watse suka bar ni, haka ya yi mini. Har yau ina jin ƙamshin turaren wuta da sanyin daɓen zauren nan. Ya ɓare goro, ya bar ni na yi kukana, sannan ya ce, "Ɗana, faɗi. Mai gyara shugaba, kunnensa rijiya ne. Abin da ya faɗa ciki ba ya fitowa."

Daga baya ya roƙe ni izinin gaya wa almajirinsa ɗaya, don ya koyi aikin. Na yarda. To, shi ne na rediyon. Ya ɗauki dabarun Baba kaf, ya bar amanar.

Allah Ya rufa maka asiri a makwancinka, Baba, yadda ka rufa namu.