Kunun da ake sha a tsaye

Kowa na tsaye da kwanon kunun shinkafa a hannu, ni kaɗai na tsuguna. Kun san mu, tun muna yara aka hana mu sha a tsaye.

Laoban ɗina, wato maigidana na kasuwar Shahe a China, wanda nake sarin riguna a wajensa, shi ya ja ni ƙauyensu a bayan Guangzhou. Duk shekara sukan taru a harabar ɗan cocinsu, su dama kunu, ba gishiri ba nama. Ga kujeru jere, amma ba mai zama. Abin ya ɗaure min kai.

Wata tsohuwa tukuf ta tsura min ido, ta yi magana. Laoban ya fassara:

"Ta ce lokacin yaƙi duk ƙauyen a cocin nan suka ɓuya. Wuri ya yi kaɗan, manya a tsaye suka sha kunu. Yara kaɗai suka tsuguna a gindin iyayensu."

Kunya ta kama ni, na yunƙura zan miƙe. Ta ɗaga min hannu.

"Ta ce kar ka tashi. Daidai nan ta tsuguna kusa da ƙafar mahaifiyarta. Yanzu gwiwa ta hana ta, ka tsuguna mata."

A tsugune na shanye kunun nan tas.

Ku fa, da me kuke tuna waɗanda suka tsaya don ku zauna?